Ba Kowane Zafin Jiki Ne Na Sauro Ba

 Yau laifin kaina zan faɗa muku, ko wata ta tsira.

Da daminar bara autata ta kwana jiki kamar garwashi. Ban yi wata-wata ba na aika kemis aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, na ɗura mata. Kwana uku yarinya sai ƙara lanƙwamewa take yi, numfashi sama-sama. Da abin ya fi ƙarfina na goya ta sai asibiti. Malamar asibiti ta ɗan soki yatsanta, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan allon roba. Bayan kamar minti 20 ta nuna mini layi ɗaya tak, ta ce, "Maman yarinya, da akwai ƙwayar cutar a jininta, da layi biyu za ki gani." Likita ya saurari ƙirjinta. Ashe ciwon huhu ne! Watau kwana uku ina gadin ƙofa, ɓarawo kuwa yana cikin ɗaki.

To, ku sani maganin nan ba daga sama ya faɗo ba. Kulorakwin da iyayenmu suka sani, ƙwayar cutar ta saba da shi har ya daina kashe ta, don haka Nijeriya ta sauya shi a 2005. Tushen na yanzu kuwa aikin mace ne, wata masaniya a ƙasar Sin, Tu Youyou. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan magani, suka tace shi daga wani tsiro dangin tazargade a 1972, har ta gwada a jikinta. A 2015 aka ba ta lambar Nobel. Tun 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna jini tukuna, kana a ba da magani.

Saboda haka, 'yar'uwa, in jikin yaro ya yi zafi, kai shi a auna a ranar. In sauro ne, ba shi maganin kwana ukun nan cif, ko da ya tashi yana wasa. In ba shi ba ne, a nemi abin da ke damunsa.

Tawa dai ta warke, alhamdu lillahi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai mako mai zuwa.