Littafin Sallamar Soja da Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya a Zangunanmu



Cikin ayyukan da suke zuwa gaban magatakarda a fadar Sarkin Zango, kaɗan ne suke da nauyi a zuciya kamar batun littafin sallamar soja. Ɗan ƙaramin littafi ne, yawanci ya yi ja don tsufa, an naɗe shi a tsumma an adana a ƙasan adaka. A cikinsa akwai lambar mutum, da sunansa, da ranar da ya shiga soja, da ranar da ya fita, da shaidar halinsa. Duk wani haƙƙi da tsohon soja ko matarsa za su nema, daga wannan littafi ake farawa. Abin da muka daɗe muna gani shi ne, sau da yawa sunan da ke ciki ba shi ne wanda aka raɗa wa mai shi ranar suna ba.

Dalilin haka tsohon tarihi ne. Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen bariki a Gwalkwas, kuma akasarin waɗanda ake ɗauka daga arewa suke. Akawun da ke rubuta sababbin shiga ba ya tambayar sunan uba. In mutum ya ce shi Musa ne daga Kano, sai a rubuta Musa Kano. In Bazabarme ne ko Bamoshe, sai sunan ƙabilarsa ya zama sunan mahaifinsa. Ko Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, sunan ƙabila ne a bayan sunansa. Shekarun haihuwa kuwa, da ido ake kimanta su.

Da irin waɗannan sunaye iyayenmu suka tafi Habasha a 1941, suka tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82. Sunayen barikokinmu na yau shaida ne: Uaddara a Kumasi, Kaladan a Tamale, Myohaung a Takoradi, da Burma Camp a Ankara. Da suka dawo, rashin cika alkawari ne ya fito da su jerin gwano ranar 28 ga Fabrairu 1948, inda aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg. Neman haƙƙin 'yan mazan jiya a ƙasar nan da jini aka fara shi.

A yau akwai ƙofofin da ake bi. Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Gana, wato VAG, da doka ta 844 ta shekarar 2012 aka kafa ta, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Akwai ƙungiyar RCEL ta Ingila, mai tallafa wa mabukata cikin waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila soja kafin samun 'yanci, su da matan da suka bari. Waɗanda suka je Kwango a 1960 ko Labanon daga baya, su ma suna da nasu haƙƙin. Sai dai kowace ƙofa da takarda ake buɗe ta. In littafi ya ce Musa Kano, katin ɗan ƙasa ya ce Musa Abdullahi, a idon ofis mutum biyu ne.

Mun taɓa zama da wata gyatuma da ta yi shekara arba'in a ɗakin mijinta, ta haifa masa 'ya'ya, ta yi jinyarsa har ya cika. Da ta je neman tallafi, aka ce ta kawo shaidar aure. Aurenta liman ya ɗaura, an raba goro, unguwa duka ta shaida, amma ba a rubuta ko'ina ba. Dokar rajistar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda, iyayenmu kuwa ƙalilan ne suka san da ita. Abin da ya cece ta, tsofaffi biyu da suka halarci ɗaurin auren suna raye, suka rantse, fada ta sa hatimi.

Daga irin wannan zama muka koyi abubuwa uku. Na farko, lambar soja ta fi suna ƙarfi, domin suna yana canzawa daga bakin akawu zuwa wani, lamba kuwa mutum ɗaya ake ba. Ku duba ta a littafin da sauran takardun da ya bari, ku rubuta ta a wurare da yawa. Na biyu, kada kowa ya sa alƙalami ya gyara littafi da hannunsa. Kankare harafi ɗaya yana iya sa a yi shakkar littafin gaba ɗaya. Hanyar ita ce takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a buga a gazet in an nema, sannan a kai ga VAG domin a gwada da kundin soja. Na uku, a faɗi gaskiya game da yadda aka fita daga aikin, ko da rashin lafiya ne ko hukunci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rantsuwa a kan ƙarya nauyi ce a nan da gobe kiyama.

Abin da ya fi damun mu shi ne lokaci. Takarda tana iya jira a adaka, shaidu kuwa kullum raguwa suke. Wanda ya san cewa Musa Kano shi ne Musa Abdullahi, yau yana dogara sanda. Don haka muna kira ga 'ya'ya da jikoki, ku buɗe akwatunan nan tun tsofaffi suna iya magana, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku kawo fada mu duba tare. Ko da babu kuɗin da zai fito, mayar wa mutum sunan ubansa a kundin ƙasar da ya yi wa yaƙi haƙƙi ne da ke wuyanmu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya.