Kafin ka cire tsohuwar eriyar gidanku

1/ Jama'a, damina ta ƙarato. A Falgore da Rogo da Ƙaraye har yanzu gidaje da yawa na da doguwar sandar eriya a tsaye, ba mai amfani da ita. Wayarta ta huda bango ta ƙare a wani ɗan soket a falo. Na sauke ta gidanmu a hutun nan, bari in ba ku yadda ake yi lafiya.

2/ Eriyoyin nan na zamanin kamo NTA Kano da CTV ne, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Mu da ke nesa da birni sai an ɗaga sanda sama sosai an haɗa da busta. Yaro ɗaya na waje yana juyawa, na ciki na ihu: "Ya yi! A'a, ya tafi!"

3/ Da dish ya shigo, Arewa24 ta fara a 2014, aka koma can. Eriya ta zama marainiya, tana ta tsatsa.

4/ Soket ɗin kansa ba ya ɗauke da wutar NEPA. Haɗarin yana wuri uku: busta mai nata fulogi, wayoyin wuta da ke binne kusa da shi a bango, sai sandar da ke sama.

5/ Fara da zare talabijin, dikoda da busta daga wuta. Kashe babban makunnin gida, da janareta, da inbata in kuna da sola. Kar ka ce ai an ɗauke wuta. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

6/ Sai sanda. Ɗaga kai ka duba: in ta faɗi, za ta kai wayar wutar layinku? Babbar waya mai bolt 11,000 ko 33,000 ba sai ƙarfe ya taɓa ta ba, kusantarta kawai ta isa. In akwai irinta kusa, wallahi ba aikinka ba ne, kira mai gyaran wuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

7/ In sarari ne, ku zama mutum uku da igiya, da safe, kwano a bushe. Ko hadari kaɗan ka hango, a bari sai gobe. Yanke wayar daga waje tukuna, don in tsawa ta faɗa kan sandar, ta nan za ta bi ta shigo ɗaki.

8/ Yanzu soket. Kwance sukurori biyun, ka sa tasta kafin yatsa. Waya zagayayya mai jan ƙarfe ɗaya a tsakiya da raga kewaye, ta eriya ce. In ka ga ja da baƙa, ko ruwan ƙasa da shuɗiya, tsaya nan. Kar ka fizge, kar ka sa guduma.

9/ Toshe ramin ciki da waje. Ginin siminti, siminti. Ginin ƙasa, kwaɓa ƙasa. Ramin da aka bari ƙofar ruwa ce da gara da kunama.

10/ Abin da ya fi ba ni wuya shi ne Baba. Ya ce da kuɗin masararsa ya sayi sandar nan tun ban fara tafiya ba. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a sauke ta kafin iskar farkon damina, yara a ƙarƙashinta suke wasa." Ya yi shiru, can ya ce to, amma ba za a sayar wa 'yan gwangwan ba. Yanzu ita ce ginshiƙin rumfar awakin Inna.

11/ Ku tura wa ƙannenku, su ne masu saurin hawa kwano. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu damina mai albarka.