Harsasai Biyu a Gwangwanin Kakana

Kakana maharbi ne. Bindigarsa harba-ka-ruga ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, amma abin da ya fi ji da shi wani gwangwani ne a ƙarƙashin gadonsa, mai ɗauke da tsofaffin harsasan Turawa da tagullarsu ta yi kore. Bayan la'asar sai ya zazzage su a kan buzu ya ce, "Zo abokina, ɗauki wannan ka ji nauyi."

Biyu nake tunawa. Ɗaya ƙato ne mai wuya kamar kwalba, da kan dalma tsantsa. Ɗayan siriri ne mai tsini. Kaka yakan ce ƙaton taɓarya ne, siririn kuwa allura.

Sai da na girma na san sunayensu. Ƙaton na bindigar Martini-Henry ne, wadda Ingila ta fara aiki da ita a 1871. Dalmarsa giram 31 ce, baƙin albarushi kuma yana tura ta kimanin mita 410 a daƙiƙa. Tana da nauyin duka, amma tana saurin sunkuyawa ƙasa, ga hayaƙi da ke rufe idon mai harbi. Siririn .303 ne: giram 11, gudunsa ya haura mita 700 a daƙiƙa, yana tafiya miƙe.

Abin da ya raba su albarushi marar hayaƙi ne, wanda Paul Vieille ya haɗa a Faransa a 1884. Da irinsa kamfanin Rigby ya fito da .450 Nitro Express a 1898, mai nauyi daidai da na Martini, amma gudun mita 655. Shi kuwa wani maharbin giwa mai suna Bell, da siririn 7x57 Mauser ya kayar da mafi yawan giwayensa, yana auna ƙwaƙwalwa.

Kaka bai san waɗannan alƙaluma ba, amma ya san abin da suke nufi a daji. Yakan ce mai harsashin da ke tafiya a hankali dole ya karanci iska, ya ja ciki cikin ciyawa har ya ji numfashin gwanki kafin ya ɗana. Mai allura kuwa daga nesa yake gama magana, bai san dabbar ba.

Gwangwanin ya ɓace bayan rasuwarsa. Nauyin ƙaton nan dai har yau ina jin sa a tafin hannuna. Allah ya jiƙan Kaka.