Daga Maiganga zuwa Lagdo: ruwan dam ma yana da kalandarsa

Mu mazauna Maiganga mun saba da sanyi. Garin yana kan tudun Adamawa, kimanin mita 1,000 sama da teku, damina tana daɗewa, har a watan Maris mutum yakan nemi mayafi da asuba. Amma kasuwa ba ta barin mutum wuri ɗaya. Da yawa cikinmu muna ɗaukar zuma da garin rogo mu yi arewa, mu dawo da bandar kifi, kuma in an yi hutun makaranta mukan tafi da yara su fara koyon hanya. Saboda yaran nan nake wannan rubutu.

Daga Maiganga zuwa Ngaundere kusan kilomita 160 ne. Da ka wuce Ngaundere ka gangara wajen Mbe, sai ka ji iska ta sauya kamar an buɗe murfin tukunya. Kafin ka kai Garwa, a Ngong, hanya takan ratse zuwa Lagdo, inda aka tare Kogin Binuwai. 'Yan Sin ne suka gina dam ɗin tsakanin 1977 da 1982, yana da injina huɗu na megawat 72, kuma in ya cika ruwansa yakan mamaye wajen murabba'in kilomita 586. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin bayan gari ba, in ya tsaya a bakinsa sai ya ɗauka teku ne. Abin da zai fara faɗa shi ne, "Baba, in shiga?"

Amsar tana bin wata. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, don haka kullum yana bayan iska. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, da sassafe ruwan ya fi iskar ɗumi, har za ka ga tururi yana tashi a kansa. Shiga ba wuya, fitowa ce aiki: iska tana bugun jikakken jiki sai yaro ya kama rawar sanyi. Hazo kuma yana rufe gaɓa, mai kwale-kwale ba ya hangen nesa.

Bazara ita ce lokacin jaraba. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Garwa yakan haura digiri 40, ɗan Maiganga kuwa ji yake kamar zai narke. Saman ruwan yana da ɗumi kamar an sirka, amma a wuri mai zurfi ƙafa za ta taɓa sanyi a ƙasa, domin rana saman kawai take dafawa, ruwan sanyi ya fi nauyi sai ya kwanta a ƙarƙashi. Wanda bai ƙware ba yakan firgita da wannan, kuma firgita ita ce farkon nutsewa. A watannin nan ruwa ya ja da baya ya bar laka mai riƙe ƙafa. A ƙasansa akwai kututturan itatuwan dajin da ruwa ya cinye, da tsofaffin taruna da suka sarƙe a jikinsu. Dorina ma tana matsowa inda ruwa ya rage. Kada wanda ya ga yadda ake wasa da ita a bakin gadar Garwa ya ɗauka tunkiya ce.

Wani dattijon masunci da nake sayen banda a hannunsa ya taɓa ce mini, "Alhaji, baƙo yana kallon saman ruwa, mu ƙasansa muka sani. In yaronka zai yi wanka, turo shi in nuna masa wuri." Na ce, "To Baba, na gode." Da ɗan gari akan ci gari.

Sai damina. Hutun makarantun Kamaru daga Yuni zuwa Agusta yake, wato daidai lokacin da yara suka fi bin mu. Ruwan sama yana sanyaya tafkin ya kuma gurɓata shi, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Inda jiya ruwa yake iya gwiwa, yau yana iya kaiwa wuya. Hadari yakan taso da la'asar ba sallama, igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalen da aka cika wa kaya. A Agusta da Satumba, in dam ya cika, akan buɗe ƙofofi a rage ruwa. 'Yan uwanmu na Yola da Makurɗi da Lakwaja ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Ruwan da sunansa ke tayar da hankali har Lakwaja, ba wurin koyon iyo ba ne a bakin ƙofarsa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ihu, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi masu son ruwa mai ɗumi, marar gudu, mai ciyayi, irin na bakin gaɓa da magudanan gonakin shinkafa da ke ƙasan dam. Tana fitowa ta huda fata ba tare da an ji ba, kuma ta fi yawa da tsakar rana, lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Sai an dawo Maiganga da makonni ko watanni uwa ta ga jini a fitsarin yaro. Wasu har yanzu suna cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, in an bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa praziquantel, ana samunsa a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu. Iyaye mata, in yaro ya dawo daga arewa, ku tambaye shi ko ya shiga ruwa, ku gaya wa likita.

Ni dai ga yadda nake yi. Wanka a masauki, da ruwan rijiya ko famfo. In dole sai na tafki, a ɗebo a tafasa, ko a ajiye shi kwana biyu, ƙwayar ba ta kaiwa haka da rai. Yaro ba ya zuwa gaɓa sai da babba, ba ya shiga da almuru, ba ya hawa kwale-kwalen da ya yi lodi fiye da kima, kome arhar kuɗin.

Ban ce a hana yara ganin Lagdo ba. Su ga duwatsun da suka zama tsibirai, su ga giwan ruwa da karfasa ana saukewa da hantsi, su ji Hausa da Fulatanci da Musgum suna cakuɗa wajen ciniki. Wannan ma karatu ne. Amma Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma kashi na farko na iyawar shi ne sanin watan da ake ciki. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida da yaranmu cif.