A Raba Zaman Ko A Bar Shi Yadda Yake?

Wannan makon ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce ta hana ni sakat.

Zaman da muke yi na marubuta duk ƙarshen wata ya cika ya batse. Da bai fi mu goma sha biyu ba, yanzu kuwa benci ba ya isa, sai an kira magariba wasu ba su karanta ko shafi ɗaya ba, musamman masu waƙa da kullum ake barinsu a ƙarshe. Shi ne wasu suka kawo shawarar a raba: sababbin marubuta ranarsu daban, waɗanda suka daɗe suna bugawa tasu daban. Ban ga laifinsu ba, domin kuwa wanda ya biya kuɗin mota tun daga Wudil ya koma da rubutunsa a jaka dole ransa ya sosu.

Wani ƙanena mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta yana goyon bayansu. Ya kawo mini misalin OpenOffice, wadda wasunmu suka taɓa buga littafi da ita: kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar kuma da yawa daga masu aikin manhajar suka ɓalle suka kafa LibreOffice, ita ce kuma ta fi ci gaba daga baya. Na ce masa, ai su ba cunkoso ne ya raba su ba, rigima ce kan wa ke da iko da abin. Mu kuwa babu wanda ya saye mu, lokaci ne kawai ya yi kaɗan.

Abin da nake tsoro shi ne ranar sababbi. Wa zai zo? Na san halin 'yan'uwana sarai, wata biyu za su leƙa don kunya, daga nan sai uzuri. Sai a bar yara su kaɗai suna yaba wa juna, babu mai ce wa yarinya babinta na uku ya yi tsawo, ko ya faɗa wa yaro kada ya ba ɗan kasuwa littafi sai an rubuta yarjejeniya. Ni kaina a irin wannan cakuɗuwar na koyi lissafin takarda da kuɗin bango, ina zaune a gefe manya na gardama, ba wanda ya ma san ina saurare. Ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ma ai da haɗuwa ta yi ƙarfi, har littafin wani yana tallata na wani.

Don haka ranar Lahadi zan tsaya a kan a fara zama bayan azahar maimakon la'asar, kowa minti goma, a riƙa farawa da masu waƙa wata bayan wata. In an yi wata shida bai yi ba, zan ɗaga hannu tare da masu son a raba, amma da sharaɗin a rubuta sunayen manyan da za su riƙa zuwa ranar yara, nawa a farko.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.