Waɗanda Layin Riga-kafi Bai Ƙirga Ba

Ranar 2 ga Maris, 2021, kashin farko na allurar riga-kafin korona, samfurin AstraZeneca, ya sauka Abuja ƙarƙashin shirin COVAX: ƙwaya kusan miliyan huɗu ga ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan ɗari biyu. Da ma'aikatan lafiya aka fara, kuma hakan daidai ne. Sai dai tun a lokacin nake ganin ma'aunin da aka ɗauka na nasara, wato yawan hannuwan da aka soka a yini guda, ya bar baya da ƙura.

Ta fuskar sauri, babbar cibiya ba ta da na biyu. A birnin Sakkwato, asibiti mai firiji da janareta zai yi wa ɗaruruwan mutane allura kafin la'asar, kuma kwalbar da aka buɗe ba za ta lalace ba, tunda akwai masu jira. Amma wa ke kan layin? Galibi ma'aikacin gwamnati ne, ko malamin jami'a, ko maniyyacin da ke neman shaidar tafiya Saudiyya. Hatta rajistar intanet da aka buɗe tun farko, mai babbar waya kuma mai jin Turanci ta yi wa rana. Matar kulle, wadda fitarta sai da izinin miji da kuɗin Keke Napep, ba ta cikin wannan lissafi. Haka ɗan dakon da yininsa a layi na nufin gidansa ya kwana ba tuwo, balle mutumin Isa ko Sabon Birni da 'yan bindiga suka tare wa hanya.

Abin mamakin shi ne Arewa ta riga ta san maganin wannan matsala. Bayan ƙauracewar da aka yi wa allurar shan inna a 2003, da tabon gwajin Trovan na Kano a 1996, ba dogon layi ne ya dawo da amana ba. Mata ne 'yan unguwa suka shiga gida-gida da sallama, masu unguwanni da limamai suka tsaya musu, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya sa baki. Hanya ce mai tsada da jinkiri, amma ita ta kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agustan 2020.

Mu manazarta Hausa ma akwai namu a ciki. Bahaushe ya yarda riga-kafi ya fi magani, amma a tunaninsa asibiti wurin majinyaci ne. Kiran lafiyayye ya bar sana'arsa ya je can na bukatar lafazin da fassarar sanarwar Turanci ba ta samarwa.

Sai a Nuwambar 2021 aka ƙaddamar da gangamin fitar da allurar zuwa kasuwanni da tashoshin mota. Wata guda bayan haka aka lalata fiye da ƙwaya miliyan ɗaya a Abuja, gudummawar da ta iso dab da ƙarewar wa'adinta.