Abin da Rumawa Suka Koya Mini a Gaban Allo

A duk darussan tarihin da nake koyarwa, babu wanda ke hana ni sakat kamar rushewar jamhuriyar Rumawa. Yara suna son labari mai mugu guda ɗaya da za a nuna da yatsa, wannan kuwa ba shi da shi. Ga shi kuma sun taso suna jin yadda jamhuriya ke faɗuwa a Nijeriya ko Nijar: a wayi gari da kiɗan soja a rediyo, wani hafsa ya yi jawabi, shi ke nan. Ta Rum kuwa sai da ta shafe shekara ɗari tana jinya.

Nakan fara musu da tsarin mulkin. Bayan Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka sha alwashin ba za su sake miƙa wuya ga mutum ɗaya ba. Shugabanni biyu suke zaɓa, wa'adinsu shekara ɗaya tak, kowanne na iya taka wa ɗan'uwansa birki. Ga majalisar dattawa mai riƙe da baitulmali, ga wakilan talakawa goma, waɗanda ko ɗayansu ya ce bai yarda ba, magana ta tsaya, kuma haramun ne a taɓa lafiyarsu. Yawancin wannan tsari al'ada da jin kunya ne ke tsare shi.

Daga nan sai mu zo kan Tiberiyas Girakas. Bayan Rum ta rushe birnin Kataj a 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dukiya da bayi suka kwararo Italiya. Manomi ya tafi yaƙi shekara da shekaru, ya dawo ya tarar attajiri ya haɗiye gonarsa, bayi na noma ta. A 133 Tiberiyas, yana wakilin talakawa, ya kawo doka: kada kowa ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na filin gwamnati, a raba ragowar ga marasa gona. Masu hannu da shuni suka sa wani wakili, Oktabiyas, ya hau kujerar na ƙi. Tiberiyas ya sa taron jama'a ya tsige shi, abin da ba a taɓa yi ba, sannan ya nemi zarcewa. Sai 'yan majalisa suka fito da kulake da ƙafafun bencin da suka kakkarya, babban malamin addininsu na gaba, suka kashe shi tare da magoya bayansa kusan 300, suka zuba gawarwakin a kogin Taiba.

Wata rana da na kai nan, wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, to da yaya zai yi? Ya bar mutane da yunwa don kada ya karya al'ada?"

Gaskiyar da ban cika faɗa a aji ba ita ce, zuciyata na tare da ita. Ni ɗan manomi ne, na san yadda gida ke yin tsit ranar da gona ta fita daga hannun dangi. Da ina cikin taron nan, da ni za a tsige Oktabiyas, ina murna. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, domin na san abin da ya biyo baya.

A 121 ƙanensa Gayas ya rasa ransa a kan irin wannan gwagwarmaya. Wani kwamanda, Mariyas, ya ɗebi marasa gona aikin soja, ya riƙe shugabanci shekara biyar a jere, daga 104 zuwa 100, da hujjar abokan gaba na tafe daga arewa. Soja ya koma sa ran samun gona daga hannun kwamandansa. A 88 wani kwamandan, Sulla, ya shigo birnin Rum da rundunarsa. Daga baya ya riƙa liƙa sunayen abokan hamayya a dandali, duk wanda ya kawo kan ɗayansu a ba shi lada. Lokacin da Yuliyas Kaisar ya ƙetare rafin Rubikon da sojojinsa a 49, hanyar da ya bi ta riga ta zama burtali. Waɗanda suka daddaɓa masa wuƙa ranar 15 ga Maris, 44, sun ce 'yanci suke karewa, amma abin da suka haifar shi ne wani yaƙin basasa. Kowane ɗaya cikin mutanen nan yana da hujjarsa, kowanne kuma ya bar wa na bayansa ƙofa a buɗe.

Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne Agustas, wanda ya gaji Kaisar. Bayan shekara ta 27 bai rufe majalisa ba, bai soke zaɓe ba. Ana zama, ana jawabi, ana rantsar da shugabanni biyu kamar da, amma soja da kuɗi suna hannun mutum ɗaya.

Amsar da na ba yarinyar nan ita ce tambayar da nake yi wa kaina yanzu a duk taron da na shiga, na malamai ne ko na unguwa: idan wanda ka fi ƙi ya bi wannan hanyar gobe, ka yarda? Na kuma ƙara mata da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dattawan da suka toshe kunne ga kukan manoma su ne suka sa karya doka ta yi wa talaka daɗi.

Shi ya sa da 'yan ajina suka ce a bar monitansu ya zarce ba tare da zaɓe ba, tunda yaron kirki ne, na ƙi. Na ce a yanka takardu, kowa ya rubuta wanda yake so. Kafin nan kuma na ba waɗanda ke ƙorafin cewa kullum su ake sa shara dama su tashi su faɗi damuwarsu, aka sake jadawalin. Monitan ya sake ci, amma a wannan karon ya san ajin ne ya ba shi, kuma ajin na iya karɓewa a zango mai zuwa.